Kundin aikin filin ƙwallo: daga fako zuwa kiri-kiri

13 ga Afrilu, 2024

Bayan ƙaramar Sallah ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta damƙa wa makaranta naira 250,000 domin gyaran filin ƙwallo. Da yake ni ne malamin wasanni, aikin a kaina ya faɗo, sai na jawo malamin noma ya zama idona a kan abin da ya shafi ƙasa. Kuɗin ba za su ishi fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 60 ba, ko kusa, saboda haka muka tsaya a kan gaban ragar gabas, yadi na 18 gaba ɗayansa, mita 40 a mita 16. Nan ya fi lalacewa. Duk shekara ana dasa ciyawar kiri-kiri a wurin da faɗuwar damina, a watsa masa takin zamani na kamfa, ya yi kore shar har a ɗauki hoto, amma kafin a gama girbin dawa ya koma fako.

Yau mun yi gwaji iri biyu, ba wanda ya ci mana ko kwabo. Na farko, mun dasa tsinin rodi a inda mai tsaron gida yake tsayawa, na hau kansa da nauyina, bai shiga ya wuce gaɓar yatsa ba. A bakin katanga, ƙarƙashin itatuwan darbejiya, rodin nan ya nutse fiye da santimita 20 ba tare da gardama ba. Na biyu, mun cire gindin babban gwangwanin tumatir, muka kafa shi a ƙasa muka zuba ruwa lita ɗaya. A bakin katanga ruwan ya shanye kafin minti biyar. A gaban raga har muka je sallar azahar muka dawo yana nan kwance.

Malamin noma ya ce da ni, "Malam, ba rashin kamfa ke kashe ciyawar nan ba. Ƙasar ce ba mai rai a cikinta." Abin da yake nufi, ƙasa lafiyayya cokalin shayi ɗaya nata yakan ɗauki ƙwayoyin bakteriya daga miliyan 100 har zuwa biliyan ɗaya. Su ke ruɓar da matattun saiwoyi da ganye su saki abincin da ke ciki, kuma danƙon da suke fitarwa shi ke haɗa ƙasa ta zama ƙananan curi-curi, iska da ruwa su sami hanya. Ita ma ciyawa ba kyauta take ci ba, tana tsatso musu sukari ta saiwarta. Inda ƙafa ta daddale ƙasa kamar daɓen ɗaki, iska ba ta shiga, ba ganyen da ke ruɓewa, wannan cinikin sai ya tsaya.

Mun raba wurin gida huɗu, kowane mita 10 a mita 16. Na farko za a yi masa yadda aka saba, a karce sama da fartanya a sa kamfa. Na biyu a huda shi a ba shi ruɓaɓɓen taki. Na uku huji da taki da ruwan bakteriya na kwalba da ake sayarwa. Na huɗu huji da kwalba kawai.

19 ga Afrilu

Mun haɗa tarin taki a bayan ɗakin girki, inda inuwa take da yamma. Kashin shanu a-kori-kura biyu, naira 44,000 har da saukewa. Kashin kaji buhu 10, naira 25,000. Ɓuntun shinkafa kyauta muka samu a injin casa, kuɗin ɗauko shi 8,000. Busasshen ganyen mangwaro da na darbejiya kuwa yara masu shara suka tara mana maimakon a cinna masa wuta kamar kullum.

Hawa-hawa muka jera: ganye da ɓuntu, sai kashi, sai a yayyafa ruwa, a watsa shebur biyu na baƙar ƙasar bakin katanga, a sake. Wannan ƙasar ita ce irinmu, don duk ƙwayoyin da muke nema suna cikinta. Laimar da ake so, in ka matse a hannu ya dunƙule amma kada ruwa ya zubo. Tarin ya kai ƙirjina. Muka rufe da tsofaffin buhuna.

Lissafinmu, santimita ɗaya na taki a kan murabba'in mita 320 zai ci wajen baro 50. Tari kuma yakan zube ya koma kusan rabi idan ya nuna.

24 ga Afrilu

Tarin ya ɗau zafi. Mun aro ma'aunin zafi daga ɗakin gwaje-gwaje, tsakiya ya nuna 62 a ma'aunin Salshiyas. Rodin da muka bari a ciki bai riƙuwa da hannu. Ba rana ta kawo wannan zafin ba, aikin ƙwayoyin ne suna ci suna hayayyafa, kuma shi muke so ya kashe irin ƙarangiya da gude-gude da ke cikin kashin shanun. In ba haka ba mu da kanmu za mu shuka ƙaya a inda yara ke faɗuwa.

Sai dai wari mai hawa kai yana tashi, irin mai sa hawaye. Nitrojin ne, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, ke gudu sama, alamar kashin kaji ya yi wa busasshen ganye yawa. Da muka juya mun ƙara ɓuntu baro shida da ganye.

2 ga Mayu

An juya tari, an jiƙa. Warin ya tafi. Zafi 55.

10 ga Mayu

Sakamakon ƙasar da muka kai ɗakin gwaji a Samaru ya fito. Gwaji da kuɗin mota, 15,000. Ma'aunin tsami ya nuna 5.6 (duk yadda lambar ta yi ƙasa da 7, tsamin ya fi yawa), ruɓaɓɓen abin da ke cikin ƙasar kuma bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ƙarancin ruɓaɓɓen abu ba baƙo ba ne a ƙasashenmu na nan arewa, zafi da gara da ƙona ciyawa ba sa barinsa ya taru. Tsamin ne ya fi ɗaukar hankalina, domin yawancin bakteriyar da muke so sun fi sakewa tsakanin 6 da 7.

Malamin noma ya zana mini tafiyar yuriya a bayan takardar jarrabawa. Buhun yuriya kashi 46 cikin 100 nitrojin ne. Da ta jiƙe a ƙasa sai ta koma amoniya, in an bar ta a sarari cikin rana wani kaso ya tashi. Wanda ya zauna, wata bakteriya mai suna Nitrosomonas ta juya shi, Nitrobacter ta karɓa ta ƙarasa shi ya zama naitiret. Wani masani ɗan Rasha, Winogradsky, shi ya gano wannan tun wajen 1890. Naitiret ciyawa na zuƙarsa da sauri, amma ba ya kama ƙasa, ruwa mai ƙarfi ɗaya ya isa ya wanke shi. Kuma duk lokacin da aka yi wannan juyin, ƙasa na ƙara tsami kaɗan. Shekara da shekaru ana zuba takin zamani a gaban ragar nan ba a taɓa mayar mata da ko ganye ɗaya ba.

Wani abin da ya ba ni mamaki, man 'ya'yan darbejiya yana rage wa waɗannan ƙwayoyin gaggawa, har a Indiya tun 2015 doka ce a shafe yuriya da shi kafin a sayar wa manoma. Mu kuwa ga 'ya'yan nan suna zuba a harabar makaranta ana sharewa.

Maganin tsami a wurinmu toka ce. Ɗakin girki na fitar da ita kullum. An tankaɗe, an watsa wajen kilo 16 a kowane gida cikin huɗun, don kada a ce an fifita wani. Ba a haɗa toka da yuriya ko ɗanyen kashi, tana kore nitrojin, shi ya sa muka sa ta tun yanzu.

17 ga Mayu

Ruwan farko mai ma'ana ya sauka jiya da dare. Ƙamshin ƙasar nan da kowa ke so ya cika makaranta, ashe shi ma na bakteriya ne, wani jinsi da ake kira Streptomyces. Daga danginsu aka samo maganin tarin fuka na farko a 1943. Da muka buɗe tarin taki mun ga farin saƙarsu mai ruwan toka a gefe-gefe, inda zafi ya sauka. Su ne masu cin abu mai tauri irin ɓuntu da karan ciyawa.

Gara ta fara shiga ta gindin tarin. Ba mu sa magani ba. Juyawa da jiƙawa sun ishe ta.

26 ga Mayu

Injin rijiyar burtsatse ya ƙone tun farkon mako, ruwan sama kuma ya ɗauke bayan wancan na farko. Makarantar kwana ce, ɗan ruwan da 'yan garuwa ke kawowa na girki ne da alwala, ba wanda zai saurare ka in ka ce za ka jiƙa kashin shanu. Yau da na tura hannu cikin tarin, bayansa ya bushe ƙayau har kusan tsawon hannu, tsakiyar ta yi sanyi. Ɓuntun yana nan yadda aka zuba shi. In laima ta tafi ƙwayoyin ba duka suke mutuwa ba, da yawansu kwanciya suke yi su jira, amma aikin ya tsaya cik, mu kuma kwanakin dashe na matsowa.

Na je wurin shugaban makaranta na ce, "Ranka ya daɗe, in za a jira kuɗin gyara su fito ta hanyar da aka saba, damina za ta bar mu." Ya yarda mu biya daga kuɗin fili. Naɗin waya da aikin mai gyara, 27,000. Ba ya cikin lissafinmu na farko.

3 ga Yuni

Ruwa ya dawo, sama da ƙasa. An warware tarin gaba ɗaya, an jiƙa shi hawa-hawa, an sake ginawa. Kwana biyu ya koma 50.

Maƙeri ya ƙera mana ƙarafa uku masu yatsu huɗu-huɗu daga guntayen rodi, da wurin taka ƙafa, 9,000. Da su leburori suka huda gida na biyu da na uku da na huɗu: a taka ya shiga santimita 12 zuwa 15, a girgiza gaba da baya, a zare, a matsa tafin ƙafa ɗaya. Sai washegarin ruwa aikin ke yiwuwa. In ƙasa ta bushe ƙarfen lanƙwashewa yake, in ta yi caɓi kuma ramin shafewa yake ya toshe. Ladansu 20,000. Daidai inda mai tsaron gida ke tsayawa sai da aka sa diga.

8 ga Yuni

Na shiga gari neman kwalba. Mai shago na farko ya miƙo mini Nodumax, ya ce ai shi ne takin bakteriya. Kaya ne mai kyau, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ke yin sa, amma na waken soya ne. Ƙwayar da ke ciki tana shiga saiwar waken ta yi ƙulle-ƙullen nan da muke gani in an tuge shuka, a ciki take kamo nitrojin daga iska. Gyaɗa da wake ma suna da irin nasu. Kiri-kiri ba ya ƙulle, dangin dawa da gero ne, don haka ba abin da za ta yi masa.

Abin da ya dace da ciyawa shi ne masu zama a jikin saiwa daga waje. Kwalbar da na saya a wani shagon, lita ɗaya 12,000, an rubuta tana ɗauke da Azospirillum da Azotobacter da Bacillus. Biyun farko suna iya kamo nitrojin daga iska, wadda kashi 78 cikin 100 nata shi ne. Wata masaniya a Burazil, Johanna Döbereiner, ita ta shahara a binciken irinsu a saiwar ciyayi, a 1966 ta bayyana wani nau'in Azotobacter da ke zaune a saiwar wata ciyawar kiwo, daga baya aikinta ya fito da Azospirillum. Abin da suke kamowa ba shi da yawa idan aka gwada da na wake. Amfanin Azospirillum da ya fi fitowa shi ne sinadarin da take fitarwa mai sa saiwa ta yi gashi da rassa. Bacillus kuwa wasu nau'o'inta na narkar da fosfaras, wani abincin shuka da ya maƙale a ƙasa, suna kuma tare wa masu kawo cuta wuri.

Abu ɗaya bai kwanta mini ba. Kwalaben a jere suke a bakin shago, rana na dukansu tun safe. Abu mai rai ne a ciki, ba gishiri ba. Na sa yaron ya ɗauko mini daga kwali a can ciki, na duba ranar ƙarewar wa'adi, saura wata biyar.

14 ga Yuni

Taki ya nuna, baƙi, mai ƙamshin ƙasa, ba ka gane kashi a ciki sai ɗan ɓuntu. An baza a gida na biyu da na uku, an ja da manjagara ya faɗa ramuka. Kiri-kiri daga bakin fadama muka tugo, aka yayyanka yaɗon, kowane guntu da gaɓa uku ko huɗu, aka dasa layi-layi tazarar santimita 20. Gida na farko ya sami kamfa kilo 5. Ruwan kwalba da yamma muka zuba bayan la'asar, da ruwan burtsatse wanda ba kilorin a ciki, a bokitin yayyafi. Injin feshin makaranta an sha zuba masa maganin ciyawa, ban yarda ya kusanci wurin ba. An zagaye da igiya. Jibi Babbar Sallah.

21 ga Yuni

Igiya ba ta hana kowa komai ba. Cikin hutun Sallah samarin unguwa suka tsallako katanga suka buga wasa, washegarin ruwa kuwa. Baba maigadi ya ce ya yi magana, suka ce masa gefe ɗaya kawai za su yi. Gefen da suka zaɓa shi ne mai raga. Sawun takalma ya tuge kusan kashi ɗaya cikin uku na dashen a gida na biyu da na uku, da yake su ne tsakiya, ramukan da aka sha wuyar hudawa a gaban turakun raga sun shafe. Bayan su kuma tumaki suka bi ta ƙofar baya suka kiwace tohon da ya rage a gida na huɗu.

Na ce, "Baba, ai da ka kira ni." Ya ce, "Malam, ranar Sallah zan tashe ka a kan ciyawa?"

Mun sake huda tsakiyar, mun cike gurabun dashe. Mun cire turakun ragar gaba ɗaya mun kai sito, wanda shi ne ainihin maganin, mun kafa wasu na wucin gadi a can yamma don masu wasa su sami inda za su nufa. Turaku da waya da ƙaya na shinge, 14,000. Na kuma je na zauna da shugaban ƙungiyar samarin, mun rabu a kan cewa in wurin ya kama su ma za a ba su ranar Juma'a da yamma.

30 ga Yuni

Cirar ciyawa da hannu. Jiji ya fi yawa, sai gude-gude. Ƙarangiya ɗai-ɗai.

7 ga Yuli

Gidan kamfa ya fi kowane kore, daga ofishin malamai ma ana ganin bambancin. An fara yi mini ba'a, wai na kashe dubban nairori a kan kashin shanu ga abin da mudu biyu na kamfa ya yi. Gidajen taki korensu bai kai ba, amma yaɗonsu ya fi tsawo, kuma kowace gaɓa ta kafa saiwa, in ka ja ba ta tasowa. Na gidan kamfa yana ɗagowa da yatsa. Gidan kwalba kawai shi ne baya.

16 ga Yuli

Wani yanki a kusurwar gida na biyu, faɗin mita uku, ya yi ɗorawa. Tsofaffin ganye suka fara, daga baya har sababbi, yaɗon ya tsaya. Na ɗauka cuta ce, amma ba tabo a ganyen, kuma iyakar wurin a miƙe take kamar an ja layi. Cuta ba ta bin layi.

Da na tona na ga dusar katako jajir a ƙarƙashi. Baba maigadi ne ya warware mini: ranar baza taki, ina taron malamai, takin ya ƙare saura wannan kusurwar, sai leburorin suka je wani gidan kaji a bayan makaranta suka kwaso shara buhu huɗu kyauta suka cike, don kada su bar aiki a rabi. Sharar kusan duk dusar katako ce, kashin kaɗan ne.

Nan ne na ga ɗaya fuskar ƙwayoyin nan. Abincin da ya dace da su, kowane kashi 25 zuwa 30 na kabon yana tare da kashi 1 na nitrojin. Kabon shi ne sinadarin da ya fi yawa a busasshen itace da ganye, dusar katako kuwa kabon ɗinta ya ninka nitrojin sau ɗaruruwa. Da suka sami wannan tulin abincin sai suka hayayyafa, nitrojin ɗin gina jikinsu kuma suka kwaso shi daga ƙasar da ke kewaye, suka riga saiwa. Bai ɓace ba, yana jikinsu, zai dawo idan dusar ta ƙare suka mutu, amma wannan sai bayan watanni, kiri-kiri kuma yanzu yake buƙata.

Mun kwashe abin da manjagara ta iya kamowa, muka narka yuriya rabin kilo a ruwa muka yayyafa, aka bi da ruwa zalla don kada ganye ya ƙone. Za a maimaita bayan mako biyu. Wannan kusurwar na fitar da ita daga gwajin, na kafa mata turaku.

28 ga Yuli

Yankan farko. Injin makaranta an wasa masa wuƙa, an ɗaga shi zuwa santimita 5. Ƙa'idar ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka ɗaya, in an aske shi ƙwal saiwa ce ke biya. Na hana a share abin da aka yanke. Mai yankan bai ji daɗi ba, don ya saba tara wa akuyarsa. Gutsattsarin ganyen nan abincin ƙwayoyin ne, kuma cikin mako guda ba ka ganinsa a gidajen taki. Kusurwar ɗorawa ta fara juyowa.

12 ga Agusta

Marka ta zauna, kusan kullum sai an yi ruwa. A nan gidajen suka rabu. Gidan kamfa ruwa na kwana a kansa, da safe sai ka ga tabkuna ƙanana, koren nan nasa ya koɗe. Naitiret wani ruwa ya wanke, wani kuma, inji malamin noma, in ƙasa ta cika da ruwa iska ta ƙare, akwai bakteriyar da ke komawa shaƙarsa a madadin iska su mayar da shi hayaƙi ya koma sama. Wato kamfar da muka saya tana fita ta sama da ta ƙasa. Na ƙara masa yuriya kilo ɗaya da rabi, tun da haka aka saba yi. Kamfa da yuriya gaba ɗaya zuwa yau 9,000.

Tabo ruwan ƙasa, zagaye-zagaye kamar faɗin faranti, sun fito a gidan, da sassafe ana ganin fumfuna a gefensu. A gidajen taki guda biyu kawai na gani, ƙanana, kuma ba su yaɗu ba. Ban yi feshi ba. Mun daina yanka da safe sai raɓa ta bushe, kuma gidan kamfa ake yi wa na ƙarshe don kada injin ya ɗebi cutar ya raba.

Mun haƙa 'yar lambatu a bayan layin raga don ruwan ya sami mafita.

25 ga Agusta

Yau muka sa shebur muka ciro curi ɗaya daga tsakiyar kowane gida, muka jera a kan benci, 'yan aji biyar na malamin noma suka auna da rula.

Gidan kamfa saiwa santimita 4 zuwa 5, ta bazu a kwance, ƙarƙashinta ƙasar na nan da taurinta. Gidan kwalba kawai, saiwa ta bi ramukan ta kai 10, amma tsakanin rami da rami ba komai, sama kuma bai rufe rabi ba. Gidan taki 16, fara, ƙasar na manne da ita curi-curi har sai ka karkaɗe, kuma mun sami tana guda uku a shebur ɗaya, a wurin da rodi ya ƙi shiga a Afrilu. Gidan taki da kwalba 17, gashin saiwar kamar ya ɗan fi yawa. Yaran sun kasu biyu a kan ko akwai bambanci.

Ra'ayina, huji da taki su suka yi aikin. Kwalba a ƙasar da ba abinci ba ta tsinana komai ba, ƙwayoyin an sauke su a inda ba abin ci. Inda kuma aka sa taki, wanda ya riga ya zo da nasa dubban nau'o'in da suka saba da zafinmu, baƙin sai sun yi kokawar wuri. Santimita ɗaya bai kai in sake fitar da 12,000 ba, wannan kuɗin kashin kaji buhu huɗu ne da canji. Malamin noma yana ganin a ba ta rani tukuna, wai a lokacin ƙishi ne gashin saiwa ke nuna amfaninsa. Mun bar turakun iyaka a wurinsu saboda haka.

8 ga Satumba

An maimaita gwajin gwangwani. Gidan taki minti 7, taki da kwalba 8, kwalba kawai 19, kamfa ya haura 40. Fetur ya sake tashi a makon nan, yanka ya koma sau ɗaya a kwana goma.

23 ga Satumba

An dawo hutu. Mun mayar da turakun raga, na ba 'yan ƙananan aji rabin awa a wurin, ba takalmi mai ƙusa. Gidajen taki sun rufe ruf, sawu bai nuna ba sai daidai layin raga. Gidan kamfa ya ɓare a wurare da dama, kiri-kirin na naɗewa da saiwarsa. Masu ba'ar Yuli ba wanda ya ce uffan, ɗaya ma ya tambaye ni ko akwai ragowar taki don lambun gidansa. Babu.

6 ga Oktoba

Lissafi zuwa yau: kayan taki da ɗaukowa 77,000, juya tari 16,000, gwajin ƙasa 15,000, gyaran inji 27,000, maƙeri da leburorin huji 29,000, kwalba 12,000, shinge 14,000, kamfa da yuriya 9,000, fetur 31,000. Jimla 230,000, saura 20,000. Na miƙa wa tsofaffin ɗalibai takarda da hotunan curin nan huɗu.

Ruwa ya fara ja da baya. Abin da ke gaba: a huda gidan kamfa da na kwalba kafin ƙasa ta bushe, cikin makon nan in Allah ya yarda, don in hunturu ya shigo ƙarfe ba zai shiga ba. Da ragowar kuɗin za mu sayi kashin kaji mu kafa sabon tari, ganye zai wadata da zarar itatuwa sun fara kaɗewa, kuma shugaban makaranta ya sa hannu an hana ƙona shara. Wannan karon tari biyu za a yi, a haƙa musu rami kaɗan don su riƙe laima, a ajiye duro biyu cike da ruwa kusa da su saboda halin inji.

Ban ruwan rani sau biyu a mako, da sassafe, a jiƙa sosai ya kai santimita 15, maimakon yayyafi kullum mai tsayar da saiwa a sama. Wasa a gaban ragar gabas kwana uku a mako, har da Juma'ar samari, atisayen masu tsaron gida kuma ya koma gefen fili. A watan Fabrairu za a sake kai ƙasa Samaru daga gidajen huɗu, kowanne a ledarsa, a kuma sake tona saiwa a gida na biyu da na uku. Ragar yamma tana buƙatar taki baro 100 da leburori na mako guda, na rubuta naira 190,000 a takardar da za a karanta a taron Disamba.